Janitor: Mutumin da Makullan Gini Ke Hannunsa

Mai kallon finafinan Amurka ya sha ganinsa: mutum cikin kayan aiki, tarin makullai na reto a ƙugunsa, yana tura bokiti mai taya a barandar makaranta bayan an tashi ɗalibai. Shi ne Amurkawa ke kira janitor.

Kalmar daga Latin ta fito, daga ianua, wato ƙofa. Dangi ɗaya suke da Janus, gunkin Romawa mai fuska biyu da suke ɗauka shi ke tsaron ƙofofi, wanda watan Janairu ya ci sunansa. Da farko mai tsaron ƙofa ake nufi da ita. Da yake wanda ke riƙe da makulli shi ke riga kowa zuwa, kuma shi ne ƙarshen tafiya, sannu a hankali sai shara da gyare-gyare suka hau kansa.

Yau a Amurka da Kanada da Sikotilan aikinsa ya haɗa na kilina da na maigadi, har da ɗan taɓa aikin famfo. Da hunturu tun asuba yake kunna tukunyar ɗumama gini, ya kwashe ƙanƙarar da ta rufe matakala, ya watsa gishiri don kada yara su zame. Sannan ya canja ƙwan lantarkin da ya mutu, ya buɗe magudanar da ta toshe, ya wanke banɗaki. A Ingila kuwa caretaker aka fi cewa.

Masu wannan sana'a sun haura miliyan biyu a Amurka, kuma albashinsu na cikin mafi ƙanƙanta. Ranar 15 ga Yuni, 1990, 'yan sanda suka far wa masu sharar ofisoshi da kulake a unguwar Century City ta Los Anjalas, suna cikin zanga-zangar neman ƙarin albashi. Akasarinsu baƙi ne daga Latin Amurka. Hotunan dukan suka tayar da ƙura, ba a jima ba kamfanin da suke yi wa aiki ya amince da ƙungiyar ƙwadagonsu.

Sana'ar ta kuma fitar da mutanen da suka ba duniya mamaki. A 1859 James Croll ya kama aikin a gidan tarihi na wata kwaleji a Gilasgo. Idan ya gama aiki sai ya shige ɗakin karatu. Daga nan ya fito da bayanin yadda sauyin kewayawar duniya ga rana ke haddasa zamunan ƙanƙara, kuma a 1876 aka zaɓe shi cikin Royal Society ta Landan.

Shi kuwa Ronald Read na jihar Vermont ya yi shekaru yana aiki a gidan mai, daga baya ya koma share wani kanti, yana sayen hannun jari da ɗan abin da ya tara. Da ya rasu a 2014 ya bar kusan dala miliyan 8, kuma kaso mafi tsoka ya tafi ga asibiti da ɗakin karatun garinsu.