Inji Ya Fi Ƙarfin Ƙafa: Abin Da Akori-Kurar Yayana Ta Koya Mini

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da titin Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka, ya san irin motocin da ke ɗauke da arzikin wannan yanki: tsofaffin akori-kura ƙirar Peugeot 504, da J5, da Canter, kowace an lafta mata masara ko shinkafa ko rake. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma an daɗe da daina ƙera 504, amma a ƙasar Kiru da Bebeji da Doguwa ba ta yi ritaya ba tukuna.

Yayana manomi ne a ƙasar Doguwa, yana da guda. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, injinsa kuma dama ya gaji yana shan baƙin mai kamar shayi, sai aka ba shi shawarar ya sa injin dizal. Ya shigo Kano, ya sayo na gwanjo mai silinda huɗu da aka ciro daga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ta Japan, wani bakanike ya yanka nan ya liƙa can har ya zauna. Litar dizal ta fi tsada, amma motar takan yi tafiya mai nisa da ita, ga ƙarfin jan kaya a hawa. Ya yi murna, mu ma muka taya shi.

Ran da na hau motar murnata ta koma ciki. Mun sauke kaya a Tudun Wada muna komawa, babu komai a baya, sai garken shanu ya ɓullo mana a wata kwana cikin Falgore. Direba ya taka birki, hancin motar ya durƙusa, bayanta ya kwashe gefe guda, muka tsaya a gicciye a tsakiyar titi. Allah Ya kiyaye babu motar da ke tafe. Yaya cewa ya yi birki ne. Washegari muka kai ta wurin wani dattijon bakanike a garin, ya zagaya ta sau ɗaya, ya danna hancinta da hannu, ya saki.

"Alhaji, birkinka lafiya lau. Kun ɗora wa jaki kayan raƙumi ne."

Bayanin da ya yi mana a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ban ji wanda ya fi shi daga bakin abokaina injiniyoyi ba. Injin dizal yana matse iska fiye da na fetur nesa ba kusa ba, don haka dole jikinsa ya yi kauri, ga batir babba, ga lagireto babba. A ƙiyasinsa, tamkar an ɗaure buhun masara guda a kan ƙafafun gaba ne, ba a saukewa dare da rana. Ƙafar gaban 504 kuwa sifirin ne mai murɗi, da shokazoba a cikinsa, samansa kuma a jikin motar yake ɗaure. An auna shi ne daidai nauyin injin da ya zo da motar. Da nauyi ya ƙaru sai sifirin ya zauna, tazarar da zai motsa idan an faɗa rami ta ragu, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe. Tayoyi su karkace su cinye ta ciki, sitiyari ya yi nauyi, kaskon baƙin mai ya matso ƙasa yana jiran dutse. Mafi muni, idan babu lodi sai baya ya zama shafal, tayoyinsa su kulle tun kafin na gaba su gama kamawa. Abin da ya same mu ke nan. Ya ɗaga murfin gaba ya nuna mana tsaga siririya a inda saman ƙafar hagu yake ɗaure.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala ta 'yan karkara ce kawai. A Amurka, tun shekarun 1930 samarin Kalifoniya suke cusa manyan injuna cikin ƙananan motocin Ford don tsere, abin da ya zama al'ada mai zaman kanta har yau. Da yawansu sukan ari ƙafar gaban Mustang II, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1978, saboda arha da sauƙin ɗaurawa. To amma masu sa injin Cummins mai lita 5.9, wanda nauyinsa ya kusa kilo 500, wato kusan ninki biyu na injin fetur ɗin da aka saba sawa, tilas su sake lissafi daga tushe. Bambancinmu da su shi ne, su nishaɗi suke yi ranar hutu, kuma sukan ɗora motar a sikeli kafin su sayi sifirin. Tamu kuwa ranar kasuwa mutum goma ne zaune a kan buhuna.

Yaya, kamar kowane manomi da damina ta ƙarato, mai sauƙi yake nema. Wani matashi a garejin ya ce a cusa guntayen tsohuwar taya tsakanin murɗin sifirin, motar za ta ɗaga nan take. Za ta ɗaga kam, amma sifirin ya daina aikinsa, duk dukan da rami ya yi sai ya wuce kai tsaye zuwa wurin da ya riga ya tsage. Dattijon ko kallonsa bai yi ba.

Ni kuma, da ɗan karatuna na boko, sai na kawo tawa: a cire ƙafar baki ɗaya a sa miƙaƙƙen aksul da sifirin mai falle-falle irin na tsohuwar Land Rover. Ai shi ne ke jure hanyar Riruwai, kuma idan falle ɗaya ya karye ko maƙerin ƙauye zai yi dabara. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, a ina za ka rataye shi?" Land Rover tana da zaratan ƙarafan casis tun daga gaba har baya, gaban 504 ba haka yake ba. Sai an ƙirƙiro mata ƙashi da walda, sannan sitiyarinta ba a yi shi don aksul mai hawa da sauka gaba ɗaya ba, duk ramin da aka faɗa motar za ta juya kanta. Na yi shiru.

Abin da aka yi a ƙarshe ba shi da wani armashi. An nemo sifirin na 504 mai injin dizal, domin kamfanin ya ƙera irinta da inji mai lita 2.3, tare da shokazoba sababbi da suka dace da shi, tunda sifirin mai tauri a kan shokazoba matacce tsalle kawai zai sa mota. An yi wa wurin tsagar faci da farantin ƙarfe a ɓangarorin biyu, an mayar da batir bayan kujera, an sake saitin ƙafa. Tayoyin gaba ma an canza su. Ashe lambar da ke jikin taya magana take yi: 88 na nufin kilo 560, 102 kuma kilo 850, Yaya kuwa shekara da shekaru girman taya kaɗai yake dubawa. Dattijon bai ɓoye mana ba cewa injin har yanzu ya ɗan fi ƙarfin ƙafar, don haka ya gindaya sharaɗi: kada a wuce kilomita 70 a awa, kuma a bar buhu biyu na yashi a baya duk ran da babu lodi.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu ɓangaren, mu da muka yi karatu. Muna da sashen injiniyan injuna a Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988. Me zai hana a fitar da takarda guda da Hausa, mai nuna nauyin injunan gwanjo da aka fi sawa da irin ƙafar da za ta ɗauke su, a raba ta ta hannun ƙungiyar direbobi da ta makanikai? Yanzu ga tukunyar iskar gas ta CNG ana ɗaura wa motoci, ita ma nauyi ce da maƙerin motar bai sa a lissafi ba.

Kuɗin gyaran ya ci buhun masara huɗu, Yaya ya biya yana ƙunƙuni. Da kaka na sake bin sa zuwa Tudun Wada, na leƙa baya na ga buhun yashi ɗaya ne kawai. Na tambaye shi ina ɗayan, ya ce an yi yaɓen rumbu da shi.