Haɗa Kwamfuta da Ƙaramin Kuɗi: Ina Ya Kamata Naira Ta Fara Zuwa?

 A shirinmu na yau za mu shiga harkar kwamfutar tebur, irin wadda mutum ke sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya haɗa da hannunsa. Shirin na mai ƙaramin ƙarfi ne: ɗalibin da ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa, da mai shagon buga takardu da cike fom ɗin jarrabawa, da matashin da ke tace bidiyon biki da na suna yana neman na kansa.

Duk wanda ya taɓa bi ta titin Beirut a Kano, ko Banex Plaza a Wuse ta Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja a Legas, ya san kaya ba su yanke ba. Sabo na nan a kwali, na hannu na nan a kan tebur, kowane mai shago kuma yana cewa nasa ne ya fi. Kuɗin saye ne ya yi ƙaranci. Kusan duk kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi.

Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara lissafa kaya. Sai ya tambaya tukuna: "Yallaɓai, wane aiki za a yi da ita?" Amsar wannan tambaya ita ke raba kuɗin. Mai rubutu da lissafi da shiga intanet ba ya bukatar rabin abin da mai tace bidiyo ke bukata, shi kuma mai zanen gini da AutoCAD ko mai wasan gem nasa daban ne.

A fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da wannan kasuwa, Intel da AMD, kuma kowannensu yana da abin da ya dace da aljihun talaka. A ɓangaren AMD akwai Ryzen 5 5600G da ya fito a 2021. Injinan lissafi shida ne a cikinsa, an tsara shi a kan wat 65, yana zuwa da fankarsa a kwali, sannan yana ɗauke da nasa sashen nuna hoto. Ma'ana, mai shi zai iya jona allon kallo kai-tsaye ya kama aiki ba tare da ya sayi katin girafik ba. A ɓangaren Intel kuwa akwai Core i3-12100 na 2022, mai injina huɗu masu sauri ƙwarai.

A nan ne harafi guda ke jefa mutane cikin asara. Intel na sayar da i3-12100 da kuma i3-12100F. Na biyun ya fi araha, saboda ba shi da sashen nuna hoto. Mai saye ya ga rangwame ya ɗauka, ya je gida ya ɗaure komai, ya danna maɓalli. Fanka na juyawa, fitila na ci, allon kallo kuwa baƙi ƙirin. Babu abin da ya lalace, katin girafik ne kawai ya zama dole, kuma kuɗinsa ya ninka rangwamen da aka samu sau da yawa. Haka yake ga AMD: Ryzen 5 5600 mara G a ƙarshe ba ya nuna hoto da kansa.

Akwai kuma maganar da ake yawan ji a kasuwa: "Ai wannan Core i7 ce." Sunan kaɗai ba ya nuna ƙarfi sai an duba lambar da ke biye da shi. Core i7-2600 ɗan 2011 ne, kuma ƙaramin i3-12100 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, ga shi bai kai shi cin wuta ba.

Furosesa ne ke zaɓar madabod, babban allon da komai ke zama a kansa. Kowane furosesa da irin mazauninsa. Ryzen 5 5600G na zama ne a mazaunin AM4, wanda AMD ta fito da shi tun 2016, kuma daɗewar nan tasa ce ta sa allunansa irin B450 da A520 da B550 suka wadata, sababbi da na hannu. Sai dai tsohon allon B450 da ya daɗe a ajiye yana iya ƙin gane sabon furosesa har sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa, don haka a sa mai shago ya yi wannan kafin a bar wurin. Shi i3-12100 mazauninsa LGA1700 ne, kuma a wannan tsarin siraran alluran da ke haɗa wuta a jikin allon suke. Mai sayen allo na hannu ya ɗaga shi a haske ya duba su da kyau, domin allura guda da ta lanƙwashe ta isa ta hana kwamfuta tashi.

Sai RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Nau'o'insa na DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, ko an danna da ƙarfi, saboda tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. AM4 DDR4 kaɗai yake ɗauka, sabon AM5 na 2022 kuma DDR5 kaɗai, allunan LGA1700 kuwa wasu wannan suke ɗauka wasu wancan. A yau gigabait 16 shi ne daidai ga yawancin ayyuka, kuma gara a saye shi sanda biyu, takwas-takwas, da a sayi sanda guda mai 16. Kamar shago ne da ciniki ya yi masa yawa aka buɗe masa ƙofa ta biyu. Bambancin ya fi fitowa ga mai 5600G, tunda sashen hotonsa daga wannan RAM ɗin yake ɗiba. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya haura sosai a duniya, bayan manyan masu ƙera shi, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata kayansu ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya farawa da takwas, muddin allonsa na da gurbin ƙari.

Wajen ma'ajiya babu dogon zance. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, da ƙyar yake kai megabait 200 a daƙiƙa. SSD na SATA yana kai wajen 550, na NVMe a kan PCIe 3.0 kuma har 3,500. A ɗora Windows da manhajoji a kan SSD, ko da ƙarami ne mai gigabait 256 ko 512, a bar HDD ya zama rumbun tara bidiyo da hotuna. Idan na hannu ne, akwai manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyarsa da yawan awannin da ya yi yana aiki. Minti biyu ya isa a duba a gaban mai kaya.

Yanzu masu sauraro, ga inda wannan shiri ya fi damuwa da shi, wato fawa-fak, akwatin ƙarfen nan da ke raba wa sauran kayan wuta. Shi ake saye a ƙarshe, lokacin da kuɗi ya kusa ƙarewa, sai a ce a kawo kowanne ne. Wannan babban kuskure ne, musamman a ƙasa irin tamu.

Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gida, wadda a Najeriya ya kamata ta zo a kan bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha. To amma wa ya san ranar da wutarmu ta zauna daidai? Yanzu ta yi ƙasa har fanka na rarrafe, anjima a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, dare ya yi a tayar da janareta. Duk wannan dukan a kan fawa-fak yake sauka. Mai kyau yana da kariya a cikinsa: in wuta ta wuce kima ko waya ta haɗu, sai ya kashe kansa ya tsirar da sauran kaya. Mara kyau, irin wanda ake haɗowa kyauta da akwati mai araha, ba suna ba garanti, an manna masa takarda an rubuta wat 500 ko fiye, shi in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan tafi da madabod, wani lokaci har da SSD da aikin shekara guda a cikinsa. Mai tace bidiyon da ya rasa ɗaukar bikin mutane ya san ba kuɗin kaya kaɗai ya yi asara ba.

Me za a duba? Da farko sunan kamfanin da aka sani kuma ake iya bincikawa, irin su Seasonic da Corsair da Cooler Master. Sai tambarin 80 Plus, tsarin da aka fara a 2004, wanda ke shaida cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan ciki, ba ta tafi a zafi ba. Tambarin ba ya tabbatar da ingancin komai, kuma ana manna na bogi, amma rashinsa gaba ɗaya abin tsoro ne. A kuma karanta takardar jikinsa: wanda aka rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240 ya fi jure wutar da ta yi ƙasa. Haɗin 5600G mara katin girafik ba ya bukatar ƙato. Wat 450 na gaskiya ya ishe shi har da rara.

Ga wani abu da ya ƙona injina da dama. Wasu tsofaffin fawa-fak, musamman a kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka, suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka jona shi a wutarmu, ƙara guda zai yi, sai hayaƙi. A duba shi kafin a kusanci soket.

Bayan fawa-fak, UPS ya cancanci gurbi a lissafi tun daga farko, ko da ƙarami ne mai ba da 'yan mintoci a adana aiki a kashe kwamfuta cikin natsuwa. Mai aiki da sola da inbata kuma ya san kowane wat daga batirinsa yake fita, wannan ma wani dalili ne na zaɓar furosesa mara cin wuta.

Katin girafik shi ne abin da ya fi jan idon matasa, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Mai wasan gem na zamani da mai aikin bidiyo mai nauyi suna bukatarsa, sauran mutane za su iya jira. Gurbinsa na nan a madabod duk ranar da hali ya samu. Wanda zai sayi na hannu ya san tarihin kasuwar. Shekaru ana amfani da waɗannan katuna wajen haƙar kuɗin kirifto, suna aiki dare da rana ba hutu. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifton, ta sauya tsarinta ta daina dogaro da haƙa, sai katunan suka kwararo kasuwannin duniya da araha. RX 580 na 2017 yana cikin waɗanda suka fi yawa. Kati ne mai amfani har yanzu, amma shi kaɗai yana jan wat 185, akwai kuma wani mai suna RX 580 2048SP da aka yi don kasuwar Sin, wanda ƙarfinsa ya fi kusa da na RX 570. Kada a biya kuɗin kati sai an ɗora masa aiki mai nauyi a shagon na kamar rabin awa, ana kallon zafinsa, ana kallon ko ɗige-ɗige da zane-zane za su fito a allo.

Akwai wata hanya ga wanda kuɗinsa bai kai haɗa sabuwa ba: ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, ya ƙara mata RAM da SSD. Injina ne masu ƙwari. Sai dai da yawansu fawa-fak ɗinsu da wayoyinsu na kamfanin ne kawai, ba kowanne ke shiga ba, siraran cikinsu kuma ba sa ɗaukar babban kati. Ga kuma batun Windows. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance tana neman TPM 2.0 da furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Ke nan i5-8500 ya shiga, i5-6500 bai shiga ba. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa yana iya ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, kuma suna yin aikin rubutu da intanet lafiya lau.

Akwati kuwa, a nemi mai shigar iska da ragar tace ƙura, a bar mai gilashi da fitilu masu launi, domin ba sa ƙara gudu ko kaɗan. Zafin bazara a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka cikin 'yan makonni. A ɗora kwamfuta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a riƙa hure ta lokaci-lokaci. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke tartsatsi in an taɓa ƙarfe, don haka mai haɗawa ya fara taɓa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki RAM ko furosesa.

Kiranmu ga mai shirin shiga kasuwa shi ne ya rubuta cikakken sunan kowane kaya da lambarsa a takarda tun daga gida, ya gwada jituwarsu a shafin PCPartPicker ko wajen mai gyaran da ya amince da shi. A shago kuma ya sa a haɗa a kunna a gabansa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya da adadin kwanakin garantin da aka yi masa alkawari.