Bajo a ƙirji, tuta a bakin ƙofa

A ƙarshen mulkin Janar Sani Abacha, wani ɗan ƙaramin bajo mai ɗauke da hotonsa ya zama tamkar katin shiga ofisoshin Abuja. Ministoci da manyan jami'ai suka riƙa maƙala shi a ƙirjin babbar riga ko kwat. Kowa ya san wanda ya zo taro babu shi sai an dube shi sau biyu. Da Janar ɗin ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998, bajon ya ɓace daga ƙiraza cikin 'yan kwanaki, kamar ba a taɓa buga shi ba.

Al'adar ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya. A yau hula ce ke magana: jar hular Kwankwasiyya, ko hular da aka yi wa zanen tsinkakkiyar sarƙa irin ta Shugaba Bola Tinubu. Ga hadimin ɗan siyasa wannan ba laifi ba ne, domin da ubangidansa ya zo, da shi kuma zai tafi. Ma'aikacin dindindin ne ke cikin tsaka mai wuya. Shekara 35 na aiki sun fi wa'adin kowane shugaba tsawo, kuma hoton da aka ɗauke shi da hular wani yakan daɗe a wayoyin mutane bayan mai hular ya sauka.

Alamar da kowa ya yi wa rantsuwa kuwa ita ce aka fi sakaci da ita. Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi a Landan, shi ya zana tutar ƙasa a 1959, alƙalan gasar suka cire jar ranar da ya sa a tsakiya, aka ɗaga kore da fari ranar 1 ga Oktoban 1960. Ya rasu a watan Agustan 2023, gawarsa ta yi fiye da shekara guda kafin a binne ta a Ibadan.

Dokar tuta da tambarin ƙasa ta haramta kafa tuta yagaggiya ko wadda ta lalace. Tarar da ta tanada naira 100 ce, kuɗin da ba ya kai ma'aikaci daga Nyanya zuwa Sakatariyar Tarayya, inda rana da ƙurar hunturu ke cin tutocin bakin ƙofa har koren ya koma toka-toka.