Zaɓen Littattafai Don Da'irar Karatu: Wasu Ma'aunai Daga Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da da'irar karatu a wannan maƙala shi ne taron mutane ƙalilan, kamar goma zuwa ashirin, waɗanda suka yi alkawarin karanta littafi guda, sa'an nan su riƙa haɗuwa a kan kari domin su tattauna abin da suka karanta. Ana samun irin wannan taro a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai da jami'o'i, da kuma cikin ƙungiyoyin marubuta. Sau da yawa akan fara shi da ɗoki, amma kafin a yi zama biyar ko shida sai a ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Galibi akan ɗora laifin a kan raggwanci ko rashin lokaci. Amma in aka duba da kyau, za a tarar babban dalili shi ne littafin da aka zaɓa bai ba mahalarta abin faɗa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ingancin littafi a wurin mai karatu shi kaɗai daban yake da dacewarsa ga jama'a masu karatu tare. Za a kawo ma'aunai huɗu na zaɓe, a kuma gwada su a kan wasu sanannun ƙagaggun labaran Hausa.

2.0 Darasi Daga Makarantar Zaure

Karatun haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantun ilimi na zaure, malami ba ya barin almajiri ya ɗauki littafin da ya ga dama. A fannin fiƙihu, alal misali, akan fara da Ƙawa'idi, a wuce Ahalari da Ishmawi, a shiga Iziyya, sa'an nan Risala, kafin a kai ga Askari da Muhtasar. Kowane littafi yana share wa na gabansa hanya, kuma almajirin da ke jiran a zo kansa yana sauraren karatun 'yan'uwansa, yana ƙaruwa da shi.

Abubuwa biyu ne da'irar karatu ta zamani za ta ara daga wannan tsari. Na farko, littafi ana zaɓensa ne gwargwadon matsayin mai karatu. Na biyu, ba a zaɓen littafi shi kaɗai, sai an san abin da zai biyo bayansa. Sai dai akwai bambanci guda wanda ya kamata a kiyaye. A zaure malami ne ke fassara, almajirai suna karɓa. A da'irar karatu kuwa, kowa yana da bakin magana, saboda haka dole ne littafin ya zama mai jawo magana.

3.0 Ma'auni Na Farko: Littafin Ya Bar Tambaya

Wannan shi ne uban ma'aunai. Littafin da ya dace da da'ira shi ne wanda mutum biyu masu hankali za su karanta, su saɓa a kan wani abu da ke cikinsa, kuma kowanensu ya iya kafa hujja daga cikin littafin.

Mu ɗauki littattafan nan biyar da suka fito bayan gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a shekarar 1933, ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida Umaru da shi East ɗin. Duk cikinsu babu wanda ya kai Ruwan Bagaja daɗin harshe da ban dariya. Wanda ya karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ramuwar gayya a tsakaninsu, ba zai so ya ajiye littafin ba. To, amma in aka zo zaman tattaunawa, sai a ga kowa yana maimaita wurin da ya fi ba shi dariya, daga nan magana ta ƙare, sai fa in an sami mai ilimin da zai ja hankali zuwa ga salo da tushen labaran.

Jiki Magayi kuwa akasin haka yake. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu, wadda Abubakar yake nema. Abubakar ya tafi neman asirin da zai lalata ɗan da za ta haifa, yaron kuma ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin mutuwar ubansa. A nan tambayoyi suna zuwa da kansu. Wa ya fi laifi, wanda ya fara zalunci ko wanda ya wuce gona da iri wajen ramuwa? Mene ne matsayin Zainabu da iyayenta a cikin abin da ya faru? Yaron da aka yi wa asiri, za a kama shi da laifin abin da ya aikata? Waɗannan tambayoyi suna iya cika zama biyu ba a gama ba.

Haka nan Shaihu Umar. Labari ne na yaron da aka sace, aka kai shi ƙasar Larabawa, ya tashi a hannun Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi, alhali mahaifiyarsa da ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta ta sha baƙar wuya. Marubucin bai fito fili ya yanke wa bauta hukunci ba. Wani mai karatu zai ce wahalar uwar ta isa hukunci. Wani kuma zai ce kirkin Abdulkarim da nasarar Umar sun sassauta munin al'amarin. Irin wannan gurbi da marubuci ya bari shi ne abincin da'ira.

4.0 Ma'auni Na Biyu: Littafin Ya Dace Da Mahalarta

Kafin a zaɓi littafi, wajibi ne a san su wane ne za su karanta shi, wato shekarunsu, da zurfin karatunsu, da yawan lokacin da suke da shi. Littattafan 1933 gajeru ne, babu wanda ya kai shafi 100, ana iya gama kowane cikin mako guda. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, ya ninka su sau da yawa, ga shi kuma cike da kashe-kashe da miyagun ƙwayoyi a rayuwar tauraronsa Mailoma. Littafi ne da ɗaliban jami'a za su amfana da shi ƙwarai wajen nazarin halin da ƙasa ta shiga bayan yaƙin basasa, amma bai dace a fara da shi a da'irar 'yan aji ɗaya na sakandare ba.

A nan ne Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, yake da babban amfani. Da yake labarai ne gajeru da aka saƙa a cikin babban labarin Aku da Waziri, ana iya ɗaukar guda ko biyu a karanta da babbar murya a zaman, ko da wasu ba su yi karatun gida ba. Wannan yana da muhimmanci ga da'irar da ta haɗa waɗanda suka ƙware da karatun boko da waɗanda suka koya da girma. Wasan kwaikwayo ma yana yin wannan aiki. In aka ɗauki Uwar Gulma na A. Mohammed Sada, ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, aka raba wa mahalarta 'yan wasa, mai jin kunyar magana ma zai buɗe baki, domin an ba shi abin da zai faɗa.

Har ila yau, akwai batun kunya. In da'ira ta haɗa maza da mata, ko manya da yara, akwai littattafan da za su sa kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ba ya nufin a guje wa duk wani jigo mai nauyi, abin da ake bukata shi ne shugaban da'ira ya karanta littafin tun daga bango har bango kafin ya ba da shawara a kansa. Ba da shawara a kan littafin da mutum ya ji labarinsa kurum, kamar shaidar zur ce.

5.0 Ma'auni Na Uku: Littafin Ya Sami Abokin Tafiya

Kamar yadda aka gani a tsarin zaure, littafi yana ƙara haske in aka jera shi da wani. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki jigo guda, a bi shi cikin zamunna daban-daban.

Misali, jigon aure da 'yancin zaɓen miji. Za a iya farawa da Jiki Magayi, inda mace take kusan abin da maza biyu suke jayayya a kai. Daga nan a wuce So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, inda Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta tsaya a kan auren Yasir duk da bambancin asali. Sai a shiga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na shekarar 1990, inda Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar abinci bayan mijinta Alhaji Abdu ya kore ta saboda sabuwar amarya. A rufe da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, inda bambancin arziki ya shiga tsakanin Sumayya da Muhammad. Wanda ya bi waɗannan littattafai huɗu a jere zai ga da idonsa yadda muryar mace ta yi ta ƙara ƙarfi a cikin adabi a tsawon shekara kusan sittin, ba sai an yi masa lacca ba.

Haka kuma za a iya jera Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, mai magana a kan ƙaurar samari daga ƙauye zuwa birni, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai magana a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, a kammala da Ƙarshen Alewa Ƙasa.

Wannan tsari yana warware wata matsala da ta daɗe tana raba kan masana. Tun cikin shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a jaridu a kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, inda wasu suka ga ba su da ingancin da za a kira su adabi, wasu kuma, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu, suka kare su. Da'irar karatu ba ta bukatar ta ɗauki ɓangare tun kafin ta karanta. In ta ware littattafan manhaja kaɗai, matasa za su ɗauka an sake mai da su aji ne. In kuma ta tsaya a kan na yayi kaɗai, ta yanke kanta daga tushe. Jera su tare shi ne zai sa mahalarta su auna da kansu.

6.0 Ma'auni Na Huɗu: Littafin Ya Samu

Kome kyan littafi, in mutum uku ne kawai suke da shi cikin ashirin, zaman zai koma wa'azin mutum uku. Da yawa daga cikin littattafan da Hukumar NORLA ta buga a shekarun 1950 sun yi wuyar samu, wasu sai a ɗakunan karatu na jami'o'i. Littattafan Kano kuwa galibi an rarraba su kashi-kashi ne, na ɗaya da na biyu da na uku, ta yiwu a sami na farko a rasa na ƙarshe. Saboda haka kada a sanar da littafi sai an tabbata yana hannu cikakke.

A yau marubuta da yawa, musamman mata, suna sakin labaransu ta WhatsApp da Wattpad, shafi bayan shafi. Wannan ya sauƙaƙa samu, amma ya zo da abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, labarin da ba a kammala rubuta shi ba, ba a iya yi masa hukunci, don haka a jira ya ƙare. Na biyu, akwai haƙƙin marubuci. Da'irar da aka kafa domin raya adabi bai kamata ta zama wurin rarraba kwafin sata ba. Karo-karo a sayi kwafi biyar a riƙa karɓa-karɓa ya fi mutunci. Gajerun labarai ma, irin waɗanda gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC take fitarwa tun daga 2016, suna da sauƙin samu, kuma ana iya gama su a zama guda.

7.0 Wa Ke Da Ikon Zaɓe?

In shugaba shi kaɗai ne ke zaɓe, da'ira za ta koma inuwar ra'ayinsa. In kuma aka bar wa ƙuri'a zalla, littafin da aka fi sani shi zai riƙa cinyewa kullum. Hanya madaidaiciya ita ce a kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku, a riƙa sauya su duk bayan wata uku. Duk mai son ba da shawarar littafi ya zo da abubuwa uku: taƙaitaccen bayanin abin da littafin ya ƙunsa ba tare da tona ƙarshensa ba, da tambayoyi biyu da yake ganin za a saɓa a kansu, da inda za a sami littafin da kuɗinsa. Wanda ya kasa kawo tambaya biyu, to, littafin nasa na karatun ɗaki ne, a yi masa godiya a wuce. Daga abin da kwamiti ya tace ne jama'a za su jefa ƙuri'a.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa zaɓen littafi shi ne ginshiƙin da'irar karatu, kuma an kawo ma'aunai huɗu: littafin ya bar tambaya, ya dace da mahalarta, ya sami abokin tafiya, ya kuma samu a hannu. Misalan da aka kawo daga zube da wasan kwaikwayo ne kawai. Rubutacciyar waƙa, irin ta Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, tana da nata sharuɗɗa, domin rerawa da sauraro sun shiga cikin karatunta, kuma ta cancanci nazari na musamman. Fatanmu shi ne malaman Hausa da ke jagorancin irin waɗannan da'irori su riƙa rubuta abin da ya gudana a zamansu, wato littafin da ya tayar da muhawara da wanda ya kasa, da dalilin haka. Irin wannan bayani ne zai nuna wa manazarta yadda Hausawa suke karanta adabinsu, fannin da har yanzu yake bukatar ma'aikata.