Gonar Gado a Bakin Titi: Abin da Ya Wajaba Kafin a Karɓi Kuɗin Mai Saye

 

Wanda ya bar Kano ta titin Zariya, ya iso yankin Ƙafin Maiyaki da Kwanar Ɗangora a ƙaramar hukumar Kiru, sannan ya karkata ya kama hanyar Tudun Wada da Doguwa, zai ga ƙasar da Allah Ya yi wa ni'ima. Damina a nan ta fi ta arewacin jihar tsawo, masara da dawa da shinkafa da rake suna yin kyau. A Bebeji akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da otal ɗin Rock Castle da aka gina a gefenta domin masu yawon buɗe ido. Ga tafkin Bagauda, wanda otal ɗinsa ya koma reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Can gaba kuma ga dajin Falgore da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Tafiya domin kallon halittar Allah halal ce, Alƙur'ani ma ya kwaɗaitar da ita a wurare da dama, muddin baƙo ya kiyaye mutuncin masu gari. Sai dai baƙon da ya zo kallo yau, shi ne yake dawowa gobe yana tambayar farashin fili. Wani yana son gidan mai a bakin titi, wani gonar kaji ko lambun mangwaro, wani kuwa ajiya kawai zai yi ya jira ƙasa ta yi tsada. Ba mu ga laifin mai saye ba, kuma ba mu hana manomi sayar da abin da ya mallaka. Damuwarmu tana kan gonar da ake sayarwa alhali ba ta mai sayarwar ba ce shi kaɗai.

A ƙauyukanmu, idan maigida ya rasu, sau da yawa ba a raba gona. Babban wa ya ci gaba da riƙe gandu, ƙanne suna noma tare da shi, mata sun yi aure a wasu garuruwa, ana aika musu da ɗan buhu bayan kaka. Lokacin da gona ba ta da wata daraja sai abin da ta haifar, wannan tsari yana tafiya lafiya. Ranar da dillali ya ambaci miliyoyi, ranar ce ake gane cewa shekara ashirin an zauna a kan haƙƙin da ba a tantance ba.

Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo kamar yadda ta tabbatar wa maza, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuma ba ta ware ƙasa daga cikin dukiya ba. Al'adar da ke cewa mace ba ta gādon gona, sai a ba ta wani abu a sallame ta, ba ta da mazauni a shari'a. Daga lokacin da mamaci ya cika, bayan an biya bashi da wasiyya, kowace taki a gonar nan tana da masu ita, har da jaririn da ke goye.

Saboda haka idan babban wa ya sayar da gonar gaba ɗaya, a mazhabar Malikiyya cinikin kason sauran magada yana rataye ne a kan yardarsu: in sun amince ya zartu, in sun ƙi ya warware. Kason maraya ya fi wannan tsanani. Kasancewar mutum yayan maraya ko baffansa ba ta ba shi ikon sayar da ƙasarsa. Wannan na wasiyyi ne ko alƙali, shi ma sai da dalili na buƙata ko maslaha bayyananniya. Aya ta 10 a surar ta kamanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Sa'idu bin Zaidu gargaɗin cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar ƙiyama.

Akwai wani haƙƙi da mutanenmu da yawa ba su san suna da shi ba, wato shufu'a. Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar wa baƙo nasa kason kafin a raba, sauran abokan tarayya suna da ikon karɓe wannan kason daga hannun mai saye, su biya shi daidai abin da ya biya, ko yana so ko ba ya so. Hikimar a fili take: kada a cusa wa iyali abokin tarayyar da ba su zaɓa ba. Amma a kula da iyakokinsa. A wajen Malikiyya shufu'a ta abokin tarayya ce, maƙwabci ba shi da ita, saɓanin Hanafiyya. Da zarar an raba an kafa iyaka, ta faɗi. Wanda yake gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara ta wuce, shi ma ta kuɓuce masa, kamar yadda yake a Risalar Ibnu Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Wanda ya yi nisan tafiya kuwa, haƙƙinsa yana jiransa.

A nan ne kunya take cutar da mata. 'Yar'uwa ta ji an sayar, ta ce ba za ta kai yayanta gaban alƙali ba, ta haɗiye. Mai saye ya zagaye fili, ya yi gini, ya dasa itatuwa. Idan baƙo ya shekara goma yana riƙe da ƙasa yana sarrafa ta, mai haƙƙi yana gani bai yi magana ba, ba kuma wani abin da ya hana shi, to hukuncin hauzi yana iya rufe ƙofar ƙararsa a kotu. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, amma mai saye daga birni ba dangi ba ne. Hauzi ba ya halatta haram tsakanin mutum da Ubangijinsa. Abin da yake yi shi ne hana alƙali sauraro, kuma 'ya'yanta ne za su tashi su tarar da wannan.

Mu limamai da dagatai da masu unguwanni, mu ake kira shaida, kuma sa hannunmu ne yake ba mai saye natsuwa. Bai halatta mu sa hannu a takardar gonar gado ba sai mun tambayi adadin magada, mun ji daga bakin kowace mace da kanta, ba ta bakin yayanta ba, mun kuma tabbatar ko akwai maraya a ciki. Idan akwai shi, a fara zuwa kotun shari'a a yi rabo, alƙali ya tsaya masa. Mai saye shi ma ya yi wa kuɗinsa gata da waɗannan tambayoyin, domin takardar mallaka da ƙaramar hukuma take bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta wanke cinikin da aka yi ba da yardar masu haƙƙi ba.

Lokacin da ya fi dacewa da rabo shi ne bayan an kawar da amfanin gona, kafin wani ya zuba taki domin damina mai zuwa. A kira magada duka, a auna, a kafa iyaka a gaban maƙwabtan gona, a rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan bayan haka suka zaɓi su ci gaba da noma tare a matsayin gandu, babu laifi. Wanda kuma ya ga sayar da nasa ya fi masa, sai ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi kafin ya kira dillali.