Furen da ake rayawa cikin ruwa: mu kare shi, mu kare kanmu

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, gidaje da yawa suna da fure cikin kwalba ko gwangwani. Ana yanko reshe, a tsoma shi cikin ruwa har ya yi saiwa. Haka ake yi wa na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Masu saida fure ma haka suke raya wasu irin. Aikin ba wuya, amma ruwan da ya daɗe a tsaye yana kashe shuka, kuma yana kawo cuta cikin gida.

Cuta ta farko ita ce ruɓewar saiwa. Saiwa tana shan iska kamar mu. In ruwa ya daɗe, iskar da ke cikinsa ta kan ƙare. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙarfi. Wadda ta kamu baƙa ce, mai yauƙi da wari, kuma ganyen ya kan yi rawaya. Mu yanke wurin da ya ruɓe da wuƙa mai tsabta. Mu cire duk ganyen da ya nutse. Kada mu aje kwalba cikin rana, don rana ce ke sa gansakuka.

Na biyu, ƙwari. Darɓa tana taruwa a bayan ganye da kan toho, tana tsotse ruwan shuka. Ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo. Maganinta yana kusa da mu. Mu daka ƴaƴan dogon yaro cikin hannu 2, mu jiƙa cikin ruwa litar 1, su kwana. Mu tace, mu sa sabuni kaɗan, mu yayyafa da marece a bayan ganye. Mu maimaita bayan kwana 7. Kada mu zuba maganin ƙwari na gona cikin kwalbar fure. Yaro ko kaza na iya shan ruwan.

Na ukku ya fi sauran hatsari, don mu yake taɓawa. Akwai wani sauro mai zanen fari da baƙi, wanda yake cizo da rana. Yana son ruwa kaɗan da ke cikin kwalba, gwangwani ko tsohuwar taya. Shi ke kawo zazzaɓin dengi. A shekarar 2023, wannan cuta ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso, maƙwabciyarmu. Lokacin zafi, ƙwan sauro ya kan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙwan yana manne wa jikin kwalba, kuma yana rayuwa watanni ko da wurin ya bushe. Don haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an cuɗa kwalbar.

Ga abin da za mu riƙe: sau 2 a mako, mu zubar da tsohon ruwa a busasshiyar ƙasa. Mu cuɗa cikin kwalba da soso da sabuni. Mu ɗauraye saiwa, mu zuba sabon ruwa, mu toshe bakin kwalba da auduga. In saiwa ta kai tsawon yatsa, mu dasa reshen cikin ƙasa.

In zazzaɓi ya kama wani a gida, mu kai shi likita ba da jinkiri ba. Ƴan'uwa, rigakafi ya fi magani.