Yaro da Kalmar Gaba-da-Baya



Abin da zan yi magana a kansa yau a gida na tsince shi. Wata rana 'yata, mai shekara 7, ta shigo da littafinta tana haki, ta ce, "Baba, duba sunanka!" Ta rubuta malam, ta bi haruffan da yatsa daga hagu zuwa dama, ta dawo daga dama zuwa hagu, sunan bai sake ba. Kafin mako ya zagayo ta tara uku, da ana, da aka, da aya, da nan, kuma ba wanda ya huta a gidan.

Irin wannan kalma Turawa na kiranta falindurom, daga Girkanci, ma'anarsa sake gudu ta hanyar da aka fito. Mu kira ta kalmar gaba-da-baya. Ba baƙuwa ba ce ga malamanmu na zaure, domin Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya cika maƙama ta 16 cikin Maƙamatunsa da jimloli masu karantuwa ta kowane gefe.

To, me ya sa yarinyar ta sha wahala kafin ta sami 'yan kalmomi shida? Dalili yana cikin ginin Hausa. Kowace gaɓa ta Hausa da baƙi take farawa, kuma galibin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Saboda haka in an juya gida harafi-harafi sai a sami adig, abin da ba ya kama da Hausa ko kaɗan. Kalmomin da ke tsira su ne 'yan kaɗan masu ƙarewa da baƙi, kamar nan da malam, da kuma waɗanda a rubuce suke farawa da wasali.

A nan ne lamarin ya yi daɗi, domin waɗannan na biyu ruɗin ido ne kawai. Uku ba da wasali take farawa a baki ba, da hamza take farawa, wato ɗan tsayawar nan ta maƙogwaro, wadda ƙa'idar rubutun boko ta ce kada a rubuta ta a farkon kalma. Rubuta uku da ajami, sai ka ga alif da kaf, kowanne da rufu'a a kansa. Gaba-da-bayan ta ɓace. Haka malam: wasalin farko dogo ne, na biyu gajere, amma boko bai nuna tsawon wasali ba, balle karin sauti. Ashe dai yarinyar da rubutu take wasa, ba da magana ba. Na yi shekaru ina bayyana wa ɗaliban jami'a wannan bambanci, sau da yawa ban ci nasara ba, ga shi ita ta taka shi da ƙafarta.

Shi kuwa yaron da bai shiga makaranta ba, nasa juyin dabam ne. A zaurance, wani nau'insa gaɓoɓi ake juyawa, gida ta koma dagi, ruwa ta koma waru. Ba wanda ya koya masa mece ce gaɓa, amma ba ya kuskuren inda zai yanka. Da wannan ma'auni Makama ita ce gaba-da-baya ta ainihi a kunnen Bahaushe: ma-ka-ma. Masana sun ɗauki wannan wasa da muhimmanci, har Ousseina Alidou ta rubuta kundin digirinta na uku a 1997 a kan wasannin harshe a harsuna shida na Nijar.

Abin da ke damuna shi ne yadda malamin firamare kan ji yara suna zaurance ya ɗauko bulala, wai suna ɓata harshe ko suna zaginsa a ɓoye. Mai yiwuwa suna zagin nasa, ban musa ba. Amma yaron da ya iya raba kalma gaɓa-gaɓa ya riga ya yi rabin aikin koyon karatu, kuma wannan sha'awa ba ta daɗewa. In malami bai kama ta a makonnin da take ci ba, ba zai same ta a zango mai zuwa ba.

Ta 'yata wajen wata guda ta yi. Da na kawo mata Makama ina murna, sai ta ce ai wannan ba ta yi ba, haruffan ba su dawo daidai ba, ta kwashi duwatsunta ta fita wasan carafke.